Burtun Baba a Saharar Dubai

Mahaifina maharbi ne. Ba irin 'yan farautar gayya ba masu karnuka da ganga da kirari. Shi kaɗai yake fita, daga shi sai bindigar toka da kan burtu a cikin burgami. Don wanda ya tashi a birni irin maigidana, bari in faɗi yadda abin yake. Burtu baƙin tsuntsu ne, ya kai girman talotalo, a ƙasa yake yawonsa yana tsince-tsince, kuma duk naman daji ya saba da shi, babu mai gudunsa. Sai maharbi ya sassaƙa kan burtu da dogon wuyansa, ya ɗaura a goshi, ya lulluɓe jikinsa da baƙin zane, ya duƙa yana tafe yana saran ƙasa da bakin itacen, har ya shiga tsakiyar zabin daji ko bareyi ba su farga ba.

Tun ina ƙarama babu abin da nake so kamar in bi shi. In na ji motsinsa da asuba sai in riga shi zuwa zaure, in tsaya da takalmina a hannu. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Uwata, koma ciki. Daji ba na mata ba ne." Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Yayyena maza da aka yi ta lallashi su bi shi, babu wanda abin ya dama, ɗaya ya zama direba, ɗaya malamin makaranta. Ni da nake so, rabona figar zabi da wankin tukunya. Na daɗe ina jin haushin wannan, kuma ni ba mai iya ɓoye haushi ba ce.

Rayuwa ta kawo ni Dubai. Ina aiki a wani kantin magani kusa da tashar jirgin ƙasa ta Al Rigga, maigidana kuma yana harkar kago a Al Ras, yana haɗa wa 'yan kasuwarmu kayansu a kwantena. Muna zaune a wani ɗan fulat a Murakkabat. Da gwiwar Baba ta hagu ta cinye har salla ta koma masa a zaune, muka matsa ya zo aka yi masa tiyata aka sa ta ƙarfe. Aiki ya yi kyau. Likitan ya faɗa mana a fili cewa shi ya gama nasa, saura na Baba: dole ya yi ta tafiya yana lanƙwasa ƙafar, in ba haka ba za ta sandare, kuma in ta sandare shi ke nan.

Baba ya ƙi.

Ranar da aka fara tsayar da shi a asibiti ya yi taga-taga a gaban 'yan matan da ke jinya, suka tare shi su biyu kamar buhu. Na ga fuskarsa. Mutumin da ya yi shekaru yana ratsa ƙaya a duƙe ko kara bai karye a ƙarƙashinsa ba, yau shi ake tarewa. Tun daga ranar ya samu kujera kusa da taga ya zauna, tagar da ba a ganin komai ta cikinta sai bayan wani bene da injinan sanyaya ɗaki. Banɗaki kawai yake zuwa, yana dafa bango. Ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da aka ba shi ya riƙa dogarawa, ya sa masa suna keken koyon tafiyar jarirai, ya mai da shi wurin rataye hula da carbi.

Akwai wata mai gashin ƙashi, 'yar Filifin, da take zuwa gida. Mace mai haƙuri. Za ta tafa hannu ta ce da Larabci, "Yalla Baba, shwaiya shwaiya," wato tashi mu je, sannu-sannu. Shi kuma ya ce mata "Na gode" da Hausa, ya rufe ido. Ni ba ni da haƙurinta. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na kawo masa hoton gwiwar da ta sandare daga wurin aiki. Ya kalla ya miƙo mini.

"Ku sayo mini tikiti kawai," in ji shi. "Ko ku haɗa ni da kayan Alhaji a kwantena, ai ni ma kaya ne yanzu."

Na shiga kicin na yi ta buga tukwane. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Na san in ya koma gida a haka, tabarma za a shimfiɗa masa a zaure, kuma daga tabarmar nan ba zai ƙara tashi ba.

Maigidana, wanda Baba ke kira Alhaji, mutum ne mai jiki da sanyin hali, ɗan cikin birnin Kano da bai taɓa ganin zabo ba sai a kasuwa ko a faranti. Kunyar surukinsa yake ji ƙwarai. Har ƙasa yake tsugunawa ya gaishe shi duk da tumbinsa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi. Wata Juma'a ya dawo da wani abu a ƙarƙashin hammata. Wani kwali ne ya fashe a sitonsu, kayan da aka yi kuskuren saukewa a nan, babu mai su. A ciki akwai talotalon roba, da gashinsa da jan wuyansa, kai ka ce yanzu zai yi kuka. Ya ajiye shi a tsakiyar falo don ko Baba zai yi murmushi.

Baba ya buɗe ido ɗaya. "Wannan fa? Na wasan yara ne?"

"A'a Baba, na harbi ne. Turawa ke amfani da shi." Ya matso da wayarsa, kansa a sunkuye, ya nuna masa wani bidiyo. Wani fili ne fetal, an kafa talotalon roba a tsakiya, can sai ga talotalon daji na gaske ya taho yana hura wuya zai yi faɗa da shi.

Baba ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya ce, "Shi mutumin yana ina?"

"Ga shi can kwance a ciyawa, yana busa wani ɗan usur."

"Kwance." Baba ya yi tsaki mai tsawo. "Tsuntsun roba na tsaye a rana yana aiki, shi ƙato yana kwance. Wannan ai ba harbi ba ne, jiran mota ne."

Rabon da in ji jimla mai tsawon wannan daga bakinsa har na manta. Na fito daga kicin da ludayi a hannu. Baba ya gyara zama, ya shiga bayanin burtu: yadda maharbi shi ne a cikin tsuntsun, yadda ba a tunkarar nama kai tsaye, yadda ake bin iska. Maigidana ya saki baki yana ji, har ya manta da wa yake magana. Sai kawai na ji ya ce, "Anya Baba? Tsuntsu zai yarda da mutum don kawai ya ɗaura itace a goshi?"

Maigidana ya gane abin da ya fito daga bakinsa, ya shiga sosa ƙeya yana neman hanyar gyarawa. Baba ya dube shi, ido cikin ido, karon farko tun da aka ɗaura mana aure.

"A samo mini itace," in ji shi.

Neman itace a Dubai ba ƙaramin aiki ba ne. Maigidana ya kawo katakon da ake ɗora kaya a sito, Baba ya ƙwanƙwasa ya ce wannan ko murhu sai ya yi tunani kafin ya karɓa. Ya kawo ƙafar wata karyayyar kujera, aka ce ba ta da lanƙwasa. A ƙarshe ya tarar da ma'aikata suna rage rassan bishiyoyin bakin titi, ya tsaya da farar shaddarsa yana roƙon reshe ɗaya mai gwiwa, suna kallonsa suna kallon juna. Wannan Baba ya juya shi a hannu ya ce ba laifi.

Wuƙata ta yankan nama ita ta fara tafiya. Kafet ɗina ya cika da ɓawon itace, in na share da safe kafin in dawo aiki ya koma yadda yake. Wata rana na nemi baƙar jakata ta fata, wadda nake zuwa biki da ita, na tarar an feɗe ta an lulluɓe wuyan burtu da ita. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya ce, "Fatar ba ta da kyau sosai, amma za a yi haƙuri da ita." Na rufe bakina. Ban taɓa murnar asarar jaka ba sai ranar.

Sai maganar idon zakara, jajayen 'ya'yan itacen nan da ake mannawa a kan burtu. Maigidana ya bi shagunan kayan ƙamshi na Al Ras ɗaya bayan ɗaya yana kwatance da hannu. Aka nuna masa barkono, aka nuna masa busasshen fure, wani ya rantse abin da yake nema maganin ƙarfin maza ne kunya ce ta hana shi faɗa. A unguwar Satwa muka samu jajayen duwatsun da ake yi wa rigunan amare ado, Baba ya karɓa yana gunaguni. A can kuma muka kai ɗinkin baƙar rigar lulluɓi. Tun da Baba ba zai iya duƙawa ba, ya yanke hukunci cewa wanda ya yi musu shi zai ɗaura. Telan, wani ɗan Pakistan, ya ce a tsaya ya gwada, na ce masa a duƙe za a gwada. Ya dubi maigidana duƙe a tsakiyar shago, ya tambaye ni ko wasan makarantar yara ne. Na ce masa kusan haka.

Daga nan aka shiga horo. Duk yamma bayan la'asar, maigidana zai ɗaura burtu ya yi ta zagaya teburin falo a duƙe yana saran kafet, Baba na kan kujerarsa yana ba da umarni.

"Alhaji, burtu ne kai, ba raƙumi ba. Sauke bayan nan."

"To Baba."

"Kada ka sara sau uku a jere, kaza ce ke yin haka. Sara ɗaya, ka ɗaga kai, ka dubi gabas kamar ka tuna wani abu."

"Baba, wallahi bayana zai ɓalle. Khalas, ya isa, a ɗan huta."

"Naman dajin ma haka zai ce maka, a ɗan huta."

Kunyar surukai ta mutu a falon nan, ko jana'iza ba a yi mata ba. Har kwano ɗaya suka koma ci suna gardama. Ni kuwa dariya nake yi har in riƙe ciki in zauna a ƙasa. Amma in dariyar ta lafa sai in dubi ƙafar Baba a miƙe a kan matashi. Baki ya buɗe, hannu ya dawo, ƙafa tana nan inda take. Mai gashin ƙashi ta gwada lanƙwasar gwiwar, ta ja ni waje kusa da lifta, ta ce mini lokaci yana ƙurewa.

Da burtu ya kammala, maigidana ya ce akwai wasu tafkuna a cikin sahara a bayan gari, inda bareyi da tsuntsaye ke yawo a sake. Amma ya ja kunne: "Baba, nan fa ba a harbi. Ko dutse ka jefi tsuntsu, sai dai a ji labarinka a wurin 'yan sanda, biza ta tafi."

"Wa ya ce maka harbin shi ne abin?" in ji Baba. "Harbi kowane soja ya iya. Isa kusa, shi ne aikin. In ka matsa har ka ga ƙiftawar idonta, ka kama ta, ko ka harba ko ka bari."

Lokacin sanyi ne. Muka yi sallar asuba muka fita, da shayi a fulas da ƙosan da na soya. Da ƙyar aka kai Baba mota, yana rataye a kafaɗar maigidana, ni kuma na cusa keken jarirai a but ko da Allah zai sa. Yana kujerar gaba, yana kallon titi har benaye suka ƙare. Da yashi ya buɗe hagu da dama, sai ya sauke gilashi ya leƙa da kansa yana shaƙar iska. Na ga hancinsa yana motsi yadda yake yi a ƙofar gida ina yarinya.

Muka tsaya nesa da ruwa, muka kafa masa kujerar naɗewa a jikin mota. Ga bareyi can suna kiwo a tsakanin 'yan ƙananan itatuwa, ga wasu tsuntsaye masu kama da fakara suna tsere a ƙasa, ga wasu manya masu dogon wuya da Baba ya ce dangin tuje ne. Ya ɗebi yashi ya sake shi a hankali don ya ga inda iska ta nufa, ya nuna wa maigidana ta inda zai zagaya. Ya ɗaura masa burtun da hannunsa, ya tofa masa addu'a a ka.

Zan faɗi gaskiya a kan mijina: ya yi abin kirki. Ya sauke baya, ya sara ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi gabas. Daga inda muke, wallahi in ba ka sani ba sai ka rantse tsuntsu ne, sai dai tsuntsun da ya ƙoshi. Baba na ta raɗa, "Madalla. Haka. Yi hagu. Madalla."

Ko rabin hanya bai kai ba wata barewa ta ɗaga kai. Ta yi wani irin huci, kafin ka ce me, garken duka ya watse. Tsuntsayen ƙasa suka bi, manyan suka tashi sama, har agwagin da ke cikin ruwa, waɗanda babu ruwansu da maganar, suka tashi suna ihu. Fili ya zama babu kowa sai baƙin burtu shi kaɗai yana saran yashi, don rigar ta rufe masa ido bai san an gudu ba. Wasu Turawa masu tseren keke suka tsaya suna ɗaukarsa a waya. Wani Balarabe ya rage gudun motarsa ya leƙo ya ce, "Habibi, lafiya?"

Muka koma wani gefen aka sake gwadawa. Wannan karon tun daga nesa suka tsere.

Maigidana ya dawo yana haki, yashi har cikin gemu. Ya ci gardama, amma ko alamar haka bai nuna ba, sai cewa ya yi, "Baba, ni ne ban iya ba." Baba ya girgiza kai. Ya karɓi burtun ya juya shi a cinyarsa, ya shafa wuyan, ya ce a hankali, "Ka yi daidai. Ko dai hannun nawa ne shi ma ya tafi." Abu ɗaya da ya rage masa yana taƙama da shi, mun ɗauko shi mun kawo shi sahara ya kunyata a gaban masu keke. Na zuba shayi na miƙa masa, bai karɓa ba.

Muna nan zaune, bareyin suka fara dawowa kaɗan-kaɗan. Can sai ga wata 'yar motar a-kori-kura ta tsaya. Wani ma'aikaci ya fito sanye da koriyar riga mai ɗaukar ido, da bokiti a hannu, ya nufi wasu kwamaye da ke ƙarƙashin itatuwa ya zuba musu abinci. Ko kallonsu bai yi ba. Su kuwa har rige-rige suke yi, tsuntsaye a ƙafafunsa, bareyi a bayansa. Ya gama ya shiga motarsa ya yi gaba.

Sai na ji wani sauti a gefena. Na ɗauka tari ne ya sarƙe Baba. Ashe dariya ce, irin wadda take fara girgiza kafaɗu kafin ta fito. Ya yi ta yi har hawaye, yana bugun cinyarsa mai lafiya.

"Uwata, a ƙasar nan akwai burtu?"

Na ce ban taɓa gani ba.

"Babu! To dabbar da uwarta ba ta taɓa ganin burtu ba, kakarta ba ta taɓa gani ba, ta hango baƙin abu mai jajayen idanu yana rarrafowa, me za ta tsaya yi? Ni ma da nake nan gudu zan yi. A gida ba don yana tsuntsu suke yarda da shi ba, don sun saba da shi ne. Mu uku da hankalinmu, babu wanda ya tambaya." Ya share ido, ya nuna ƙurar motar da ta tafi. "Ga burtun ƙasar nan can. Koriyar riga da bokiti."

Maigidana ya buɗe but. Akwai bokitin wankin mota, akwai kuma irin rigar nan mai ɗaukar ido da suke sawa a sito in ana lodin kwantena. Ya fara zura hannu a ciki, Baba ya ce, "Kawo. Kai ka gama naka. Kana shan shayi lokacin da mutumin ke tafiya, ni na kalle shi. A miƙe yake, ba ya sauri, yana ɗan jan ƙafa, bokitin yana bugun cinyarsa."

Ya sa rigar a kan jallabiyarsa. Na yi wuf na ciro keken jarirai na kafa a gabansa. Ya dube shi, ya dube ni.

"Kin ga mutumin da keke?"

Ya dafa ƙofar mota ya miƙe. Ya tsaya yana lilo kaɗan, ya karɓi bokitin, babu komai a cikinsa. Maigidana ya ce, "Baba, yashi ne fa, ƙafa na nutsewa." Bai kula shi ba. Ya juyo gare ni.

"Ke, zo. Ki bi bayana. Inda na cire ƙafa, nan za ki sa taki. Kada ki kalle su, kada ki yi magana, kada kuma ki taɓa ni."

Maganar da na jira tun ina tsaye a zaure da takalmi a hannu, sai ga ta ta zo ina da furfura a gefen kai, a ƙasar mutane, a bayan tsoho mai bokitin wankin mota. Na cire takalmina na bar su a nan.

Yashi ba ya barin mutum ya ja ƙafa a miƙe. In kana son ka cire ta, sai ka lanƙwasa gwiwa. Ina bayansa ina kallon gwiwar nan tana lanƙwashewa tana miƙewa, ina jin numfashinsa yana fita ta haƙora. Hannuwana biyu na buɗe a bayansa ba tare da ya sani ba. Sau ɗaya ya yi tuntuɓe, na cafki jallabiyar. "Sake ni," ya ce ƙasa-ƙasa, bai waiwayo ba. Ya tsaya kamar dama ya yi niyyar tsayawa, ya ɗan buga bokitin a cinya, ya dubi gabas, sannan ya ci gaba. Bai nufe su kai tsaye ba. Ya yi kamar wani itace can gefe shi ne gabansa.

Tsuntsayen ƙasa suka fara zuwa, suna gudu suna tsayawa. Sai ɗaya daga manyan nan masu dogon wuya ya biyo mu a gefe, yana kallonmu da ido ɗaya. Ina jin takun bareyi a bayana, an hana ni waiwaye, wuyana har ciwo yake don son in juya. Da muka kai itacen Baba ya tsaya cak. Suka kewaye mu. Wata 'yar budurwar barewa ta matso, ta miƙa wuya, ta ja baya, ta sake matsowa, ta zura kanta cikin bokitin. Ina ganin gashin idonta. Ta ƙifta.

"Kin gani?" in ji Baba, leɓensa ko motsi ba ya yi.

"Na gani, Baba."

"Da a gida ne, da yanzu ana hura wuta." Sannan ya dubi barewar ya ce mata, "Yi haƙuri 'yar nan, babu komai a ciki. Sana'armu ke nan."

Ta yi atishawa a cikin bokitin, ta yi mana wani kallo, ta juya ta tafi, sauran suka bi ta ba tare da gaggawa ba.

Muka juya. Motarmu ta koma 'yar ƙarama a can nesa. Maigidana na tsaye a kan but, ya mayar da burtun goshinsa don murna, yana ɗaga hannu biyu yana tsalle, wuyan itacen yana sama yana ƙasa. Baba ya kare ido da tafin hannu ya daɗe yana kallo.

"Wa ya mayar da motar can?"

"Babu wanda ya taɓa ta, Baba. Kai ne ka zo nan."

Ya dubi sawunmu a kan yashi, layi ɗaya, nawa a cikin nasa. Ya dubi gwiwarsa. Ni kam kuka ya riga ya ƙwace mini, irin na farin ciki mai haɗe da majina, ina sharewa da bakin mayafi.

"Ke kuma kukan me? Za ki kore mana nama." Ya miƙo mini bokitin. "Riƙe. Shiga gaba, in ga ko kin koyi wani abu."

Da ƙafarsa ya koma mota, ya cinye ƙosan da ya huce, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Washegari ƙafar ta kumbura, na yi ta ɗora ƙanƙara, amma da mai gashin ƙashi ta zo ta ce yalla, kafin ta kai ga shwaiya ya miƙe. Bayan ɗan lokaci ya san duk lungunan Murakkabat fiye da ni, har masu shagon canji suna ɗaga masa hannu. Talotalon roba kuwa ya ce a sa masa a kaya, akwai wani maƙwabcinsa mai cika baki da yake so ya kafa wa a bayan gari.

Ranar da zai koma gida, a filin jirgi, wani ma'aikaci ya ga tsoho ya turo keken marasa lafiya da sauri. Baba ya yi masa godiya, ya ɗora jakarsa a kan keken, ya kama ya tura da kansa. Kafin ya shige ya ciro wani ƙunshi daga cikin babbar rigarsa ya danƙa mini. Ta cikin zanen na ji lanƙwasar wuyan da duwatsun Satwa.

Na ce, "Baba, ai ba ya aiki a nan. Ka kai wa su Yaya."

"Su Yaya sun taɓa bina daji?" in ji shi. "Ajiye abinki, Uwata."

Ya juya ya bi layi yana tura jakarsa, yana ɗan jan ƙafar hagu, ba ya sauri.